Tikitin Waya Ɗaya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau na gama haɗa Mai-gadi da allon aiki. Na gaya wa Inna, ta ce Allah shi sa albarka, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na gaya wa Dakta Yohanna, likitan dabbobinmu, ya ce in maimaita da Hausa. Da Hausar na faɗa tun farko.

Ga yadda na sake yi masa. Manhajarmu aikinta ɗaya: makiyayi ya danna maɓalli a waya, ya faɗi abin da ke damun shanunsa, saƙon muryar ya zo wa Dakta nan ofishinmu na Yelwa. Mai-gadi kuwa suna ne na sa wa wani ɗan shiri da na dasa a cikinta. Duk wayar da manhajar ta yi tuntuɓe a kanta, sai ya kawo min tsegumi. Da can sai na bi tseguminsa ɗaya bayan ɗaya, ina kwafewa da hannu zuwa allon da muke jera ayyukan gyara. Yanzu da kansa yake buɗe tikiti a allon, ya rubuta me ya lalace, a wace waya, ya ajiye min.

Dakta ya ce, "To ke kuma mene ne aikinki yanzu?" Na ci gaba da danne-dannena.

Laraba, 3 ga Satumba

Tikiti sun rufe allo kamar ƙuda a kan kifi. Ashe tseguminsa ya fi yadda nake zato. Oga Haruna, shugabanmu, ya kira daga Birnin Kebbi, wai ya buɗe allon ya ga ja ko'ina har gabansa ya faɗi, kuma masu ba mu tallafi suna iya neman gani. "Fauziyya, ki yi wani abu."

Na yi. Doka biyu na kafa. Ta farko, tikiti zai hau sama ne gwargwadon yawan wayoyin da matsalar ta taɓa, wanda ya taɓa waya ɗaya ko biyu ya sauka can ƙasa. Ta biyu, matsalar da ta yi mako ba ta sake ɗagowa ba, tikitinta ya rufe kansa. Haka ake yi ko'ina. Na ji daɗin kaina, gaskiya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Babu wuta tun safe. Janareta ya ƙi. Na dawo gida na yi wanki.

Talata, 9 ga Satumba

Babban aikin makon nan shi ne masu mance lambar shiga. Wayoyi da yawa, tikitin na can sama, shi na sa a gaba.

A can ƙasa akwai wani da na leƙa don ya yi ta maimaituwa: saƙon murya ya ƙi tafiya. Waya ɗaya ce, tsohuwa, daga bakin ruwa ta ɓangaren Shanga, inda sabis sai an hau tudu. Jiya ta gwada, shekaranjiya ta gwada, yau ma. Mai shi dai yana da naci. Na rubuta a ƙasan tikitin, "matsalar sabis ce," na wuce.

Asabar, 13 ga Satumba

Kamun auren ƙawata Mufida. An yi ruwa, lallen bai kama ba, ta yi ta kuka kamar wani abu ne. Ƙawaye sun tambaye ni har yanzu aikin shanun nake yi. Na ce ni ban taɓa taɓa saniya ba, waya nake kiwo. Sun yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Alhamis, 18 ga Satumba

Allo ya yi kore. Tikiti da dama sun rufe kansu, har da na mai nacin nan na Shanga, tun makon jiya bai sake motsi ba. Oga ya yabe ni a taron waya, ya ce aiki ke nan na zamani. Na ce na gode, na kashe makirfo na ci gyaɗata.

Litinin, 22 ga Satumba

Dakta ya dawo daga kara, kasuwar dabbobi, fuska a murtuke. Wai ya ga ana kawo shanu daga wajen Shanga ana sakinsu a araha, mahauta na ta rububi, kuma bai ji daɗin numfashin wata ba. Ya tambaye ni ko wani saƙo ya zo daga can ya maƙale. Na juya masa laftof, na nuna masa. Babu saƙo, babu tikiti a buɗe.

Ya ce, "Shirun ya yi yawa." Motar ofis ba ta fita sai da rahoto, haka tsarin yake, don haka ya zauna.

Laraba, 24 ga Satumba

Wani dattijo ya zo ofis da hantsi. Dogo, siriri, da malfa da sanda, bakin wandonsa a jiƙe, da gani daga kwalekwale ya sauko. Modibbo sunansa. Dakta ya san shi, ya miƙe tsaye ya ba shi kujerarsa.

Sun gaisa. Sun gaisa. Na tura saƙo biyu na amsa ɗaya suna gaisawa. Ya tambayi iyalin Dakta, da gajiya, da ruwan bana, da mutanen Yelwa, ya juyo ya tambaye ni gida, ya tambayi iyayena. Sai da aka kawo masa ruwa ya sha ya ajiye kofin sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba da haƙuri:

"Likita, mun yi kira ba a amsa ba. Nic ce ƙila aiki ya yi muku yawa, bari in taho da ƙahwata."

Shanu na tari tun farkon wata. Suna miƙe wuya, suna ƙin kiwo, suna tsayawa ƙafafu a ware. Na rugarsa da na rugagen da ke kusa, don mashaya ɗaya suke sha. Wasu sun mutu, wasu an yanka kafin su mutu, waɗanda Dakta ya gani a kara ma nasu ne. Dakta ya ce ciwon huhu, tun kafin dattijon ya kai ƙarshe.

Dattijon ya ce sau da yawa ya aiko. "Kuma alamar ta hito. An ce muna in ta hito, saƙo ya kai. Sai munka jira."

Dakta bai kalle ni ba. Ya ɗauki jakarsa da abin da ke akwai na allura, ya kira direba, suka tafi tare. Na zauna ni kaɗai da fanka.

Alhamis, 25 ga Satumba

Na nemo na mai nacin nan na Shanga cikin rufaffun tikiti. Ba wuya, minti ɗaya. Ga rubutuna a ƙasa, "matsalar sabis ce."

Abin da ya faru a fili yake, da a ce na buɗe cikin tikitin tun ranar da na gan shi. Saƙon da ya wuce minti biyu, in sabis ba ƙarfi, lokacin da na ware masa yana ƙarewa kafin ya gama hawa, sai manhajar ta haƙura. Alamar da ke fitowa kuma ni na sa ta fito da zarar mutum ya saki maɓalli, don kada a ga kamar manhajar na da nauyi. Tsegumin Mai-gadi ɗan mitsitsi ne, shi yana wucewa ko a wane sabis. Ya kawo kuwa, kowane lokaci. Da dattijon ya daina aikowa ya koma jira, sai dokata ta ɗauka an warke.

Ba abin da ya lalace a haɗin da na yi. Komai ya yi abin da na ce ya yi.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na faɗa wa Oga. Ya ce kada in rubuta shi haka a rahoto, in ce ƙalubalen sabis. Amma ya yi ƙoƙari, ya samo rigakafi, za a sako shi a motar safe cikin kula mai ƙanƙara. Dakta ya kira daga can da ƙyar ake jinsa, ya ce waɗanda suka kamu sai abin da Allah ya yi, yanzu maganar masu lafiyar ake, kuma kowace rana tana da muhimmanci. Na ce zan kawo kular da kaina, ina son ganin wayar.

Inna ta ce, "Ke da ko kaza ba ki kamawa, mi za ki yi ruga?"

Asabar, 27 ga Satumba

Mota, kabu-kabu, kwalekwale, sannan ƙafa. Kular na kan cinyata duk hanya, siket ɗina ya jiƙe. Ruwa ya cika har ya shanye gonakin gefe, mai tuƙi yana bi ta kan karan dawa.

Rugar ba ta da hayaniya. Na zata zan ji kuka ko faɗa, ba ko ɗaya. An ware marasa lafiya can gindin wata ƙirya, kana jin numfashinsu tun daga nesa. Dakta da mazan suka shiga aiki nan take, ana kamawa ana yi ana saki. Mata suka ba ni tabarma da nono. Na sha don kunya.

Wayar na rataye a reshe cikin jakar leda, da ɗan faifan sola a saman bukka. Na tambayi wata mata ta wa ce. Ta ce ta Modibbo ce, amma ta kowa ce. Rugage nawa? Ta fara nunawa da hannu, can, da can, da bayan tudun can, da na tsallake. Duk wanda saniyarsa ta yi ciwo, wurin Modibbo yake zuwa, shi ne babba, shi ya san yadda ake magana da likita. Ni kuma a allona waya ɗaya.

Saƙonnin suna nan cikinta, ko ɗaya bai ɓata ba. Na kwafe su.

Da la'asar Modibbo ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmata. Ya nuna min wata jar saniya cikin waɗanda aka ware, mai dogon ƙaho, ta sunkuyar da kai. Ya ce daga zuriyar shanun mahaifiyarsa take, ita kaɗai ta rage a wannan jinin, kuma tana da ciki. Sai ya ce, "Ɗiyata, ke ka gyaran abin ga? Mi ya hana shi kaiwa?"

Na ce, "Baffa, saƙon ne ya yi tsawo. In ya wuce minti biyu ba ya iya tafiya."

Gaskiya ce. Ya jinjina kai ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ashe surutuna na." Na buɗe baki, sai Dakta ya ƙwala min kira in kawo sauran kwalaben, na tashi. Ban dawo kan maganar ba. Da zan iya dawowa, lokaci ya isa.

Talata, 30 ga Satumba

Na saurare su yau, wai don in auna tsawonsu.

Duka iri ɗaya suka fara. Sallama. Likita ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya yara, yaya masu aiki tare da kai, yaya mutanen Yelwa, yaya ruwa, Allah shi ba da haƙurin aiki. Yana barin ɗan fili bayan kowace tambaya, daidai wurin amsa. A na farko sai bayan minti biyu ya ce wata saniya na tari, ƙila ba komai ba ne. A na ƙarshe muryarsa ta dushe, amma bai tsallake ko yara ba. Ya rufe da cewa ba ya son ya matsa wa likita, ya san ba su kaɗai ba ne.

Lokacin da na sa minti biyu, da muryata na gwada. "Saniyata ba ta da lafiya, tana zawo." Daƙiƙa biyar. Na ce minti biyu ai har ya yi yawa.

Ban ci abincin rana ba. Ba yunwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Gyaran bai ɗauki yini ba, abin haushin ke nan. Yanzu saƙo yana tafiya gutsure-gutsure, in sabis ya yanke ya jira ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko minti goma ne. Alama ba ta fitowa sai ya iso nan. Dakta zai koma rugar jibi, zai tura musu sabuwar manhajar daga wayarsa.

Dokokin ne muka yi ja-in-ja da Oga. Na ce a cire duka biyun. Ya ce mutum ɗaya ce ni, ba zan bi kowace waya ɗaya ba, allo zai koma ja. Na ce ya koma. Ya ce, "Ke fa kika kawo tsarin nan, har na yabe ki." Na ce na sani. Mun tsaya a kan cewa jerin sama da ƙasa ya zauna, amma ba tikitin da zai sake rufe kansa, sai mutum ya sa hannu ya rubuta dalili. Mutumin ni ce, ba wani.

Na sake buɗe tikitin Modibbo.

Litinin, 6 ga Oktoba

Dakta ya dawo, ya rame. Ya ce mutuwar ta ragu, waɗanda aka yi wa rigakafi yawancinsu suna tsaye, rugar tsallake ma abin bai kai su sosai ba. Da an zo tun saƙon farko fa? Ni na tambaya. Ya ce, "Fauziyya, kawo min ruwa." Na kawo.

Jar tana nan. Tana ɗan cin dusa in an kai mata baki.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Saƙo ya zo daga wayar, na farko tun gyara. Ya iso lafiya, Mai-gadi bai ce uffan ba. Daƙiƙa tara.

"Modibbo na. Biyu sun mutu. Jar ba ta tashi."

Shi ke nan. Ba sallama. Dakta ya saurara, ya sake saurara, ya ce ko dattijon fushi yake da shi ne, tun da ya san shi bai taɓa yi masa magana haka ba. Na ce ba fushi ba ne. Ya tambaye ni yadda na sani, na ce na dai sani. Ya aika masa abin da za a yi wa jar, ya fita.

A ƙa'ida yau ya kamata in rufe tikitin. Saƙo ya tafi, ya iso, an tabbatar. Na buɗe wurin rubuta dalili na fita ba komai a ciki, na bar tikitin a buɗe.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Akwai maɓallin amsa a ɓangarenmu, wanda Dakta ke amfani da shi. Ban taɓa gwada dogon saƙo daga nan zuwa can ba, kuma ya kamata a gwada. Da kowa ya tafi masallaci na rufe ƙofa.

Ban iya ba, ashe. Na yi sallama, ina wuni, ina gajiya, sai na tsaya cak. Na goge. Na sake, ina tuno yadda yake jerawa. Iyali, yara, matan da suka ba ni nono, mutanen tsallake, ruwa ko ya fara ja, shanu. Na bar fili bayan kowace, ina jin kaina wawuya ni kaɗai a ofis ina jiran bango ya amsa. Na ce masa yanzu saƙo ya yi tsawon da ya ga dama, zai iso.

Sauran ma na faɗa. Cewa manhajar ta kawo min labari tun ranar farko, na gani, na wuce. Cewa laifin ba na gaisuwarsa ba ne. Na sa shi a ƙarshe, inda ake sa magana.

Alamar ba ta fito ba sai bayan la'asar.

Asabar, 11 ga Oktoba

Shiru. Na duba wayata har Inna ta ce ko wani ne.

Litinin, 13 ga Oktoba

Amsa ta zo da safe. Minti huɗu da wani abu.

Ana iya jan saƙo gaba a tsallake farkon, ni na sa wannan ma. Ban ja ba. Ya amsa tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, yadda na jera su, har ruwan, wai ya fara ja kaɗan. Sannan ya yi nasa. Ya tambayi likita, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi ko na huce gajiyar hanya, hanyar da na yi mako biyu da suka wuce. Na ji ina cewa lafiya lau a fili, Dakta ya ɗago ya kalle ni ya mayar da kai.

Bai ce komai ba a kan abin da na faɗa. Can ƙarshe ya ce sauran shanun da sauƙi. Ya ce jar ta tafi daren Asabar, da abin cikinta. Ya ce Allah shi ba mu haƙurin aiki.

Na tura wa Dakta.

Akwai sababbin tikiti biyu a can ƙasan allo, waya ɗaya-ɗaya, guda daga wajen Wara. Na nemo lambobinsu. Ba don komai ba, dama ina da sauran kati a waya.